Tsohon bidiyo zai iya gaya mana ko Pele da Maradona sun kai yadda ake faɗa?

Tambaya: Koci, ni Messi da Ronaldo na taso na gani. Kullum a gidan kallo manya sai su cika mu da labarin Pele da Maradona, shi ne na sa data na nemo tsofaffin wasanninsu a YouTube. Gaskiya abin da na gani bai burge ni ba. Wasan a hankali yake tafiya, 'yan baya na tsaye ana wuce su, ana zura wa gola ƙwallon da ko yaron unguwa zai kama. Idona ne bai iya kallo ba, ko kuwa zuzuta mutanen nan kawai aka yi? Kuma ma ana iya auna ɗan wasan da ta hanyar bidiyo?

Amsa: Ƙanena, idonka bai yaudare ka ba. Wasan da bai kai na yau sauri ba, wannan ba abin musu ba ne. Wasu masana a Ostareliya sun zauna sun auna wasannin ƙarshe na kofin duniya tun daga 1966 har 2010, suka tarar gudun ƙwallo ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin ɗari, yawan fas a minti kuma ya ƙaru da kusan kashi 35. Duk dattijon da ya ce maka a zamaninsu an fi gudu, ƙaunar ƙuruciyarsa ce take magana. Inda muka rabu da kai shi ne hukuncin da ka yanke. Ana iya auna tsohon ɗan wasa da bidiyo, ni ma da shi nake koya wa yarana abubuwa da yawa, amma da sharaɗi: ka kalli wasa cikakke, ka san dokar da aka buga shi a ƙarƙashinta, sannan ka auna mutum da waɗanda suke fili ɗaya da shi a wannan ranar.

Fara da tambayar kanka me ka kalla. In gutsattsarin nan ne na minti takwas da ake haɗawa a sa musu kiɗa, to ba ka ga wasa ba tukuna. Kamar mai sayen buhun masara ne da ya duba ta bakin buhu kawai, inda mai kaya ya zuba mafi kyau. Kuma irin wannan bidiyo zalunci biyu yake yi a lokaci guda: yana tsinto mafi kyawun abin da gwani ya yi, yana kuma tsinto mafi munin abin da ɗan baya ya yi, domin ai duk inda aka ci ƙwallo wani ne ya yi kuskure. Ka tuna yadda Messi ya zaunar da Jerome Boateng a ƙasa a 2015, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Turai. Yaron da zai ga wannan sakan biyar ɗin kaɗai nan da shekara hamsin zai rantse Boateng bai iya tsaron baya ba, alhali shekara ɗaya kafin nan ya ɗauki kofin duniya da Jamus. Haka wanda zai ga yadda Jamus ta zura wa Birazil ƙwallo huɗu cikin minti shida a 2014 zai ce 'yan bayan zamaninmu barci suke yi. Akwai kuma 'yan wasan da gutsattsarin bidiyo ba ya ganinsu sam. Claude Makelele ba shi da abin da za a sa wa kiɗa, amma da Real Madrid ta sayar da shi ga Chelsea a 2003 kowa ya ga ramin da ya bari a tsakiya.

Ita kanta kyamarar tana da nata laifin. A da sau da yawa kyamara ɗaya ce ko biyu a can saman 'yan kallo, tana bin ƙwallo daga nesa. Abin da aka ɗauko daga nesa kullum sai ya yi kamar ba ya sauri. Yau kyamarori sun kewaye fili, wasu a bakin layi dab da ƙafar ɗan wasa, ana ta sauya hoto, sai ido ya ji wasan na tafasa ko da ana ta zagaya ƙwallo ne a baya. Allon talabijin na da ma bai kai na yanzu faɗi ba, don haka mai gudu ba tare da ƙwallo ba, wanda shi ne ya buɗe hanyar, sau tari ba ya cikin hoton.

Bari mu ɗauki wasan da na tabbata ka leƙa, wasan ƙarshe na kofin duniya na 1970 da Birazil ta ci Italiya 4 da 1. Shi ne wanda matasa suka fi kawowa su ce dubi yadda ake tafiya da ƙwallo kamar ana yawon shan iska. An take wasan nan da ƙarfe 12 na rana a filin Azteca na birnin Meziko, don ya dace da lokacin kallon Turawa da yamma. Birnin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,200 daga teku, inda numfashi ke yanke wa mutum da wuri. Italiya kuma kwana huɗu kafin nan ta buga minti 120 da Jamus ta Yamma a wasan da aka tashi 4 da 3. Canji biyu kacal doka ta yarda, kuma a wannan gasar ce ma aka fara yarda da canji a kofin duniya. Ko 'yan wasan yau ka zuba a wannan rana da wannan tudu da canji biyu, sai sun rage gudu. Tafiyar da ka gani tattalin numfashi ce, ana ajiye ƙarfi don lokacin da za a buƙace shi.

Yanzu koma ka sake kallon ƙwallo ta huɗu, amma ka mayar da bidiyon baya kaɗan. Saura minti huɗu a tashi, Tostao, wanda shi ne ɗan gaba, ya biyo ƙwallo har gefen hagu na gidansu ya taya ƙwatowa. Clodoaldo ya yanke 'yan Italiya huɗu a cikin rabin filinsu, ya ba Rivelino, shi kuma ya miƙa ta gaba ta layin hagu zuwa ga Jairzinho. To a nan dabarar take. Jairzinho ɗan gefen dama ne, me ya kai shi hagu? Italiya mutum da mutum take tsarewa, kuma Facchetti aka ɗora a kansa, duk inda ya sa ƙafa yana biye. Da ya ja shi zuwa hagu, sai gefen dama ya zama fili fetal. Jairzinho ya shigo ciki ya ba Pele. Pele ya tsayar da ƙwallo, ya jira, bai ko waiga dama ba, sannan ya gangara ta a hankali cikin wannan filin, daidai inda ƙafar Carlos Alberto za ta same ta yana cikin gudu ba tare da ya rage taku ba. Wannan jiran na sakan biyu da nauyin wannan fas ɗin su ne abin aunawa, kuma ba su da alaƙa da saurin zamani. A wasan nan dai Pele ne ya ci ta farko da ka, ya tashi sama da Burgnich duk da tsayinsa bai wuce mita 1.73 ba, shi kuma ya sauke wa Jairzinho ta uku da ka.

Sai maganar doka, wadda a ganina ita ce abin da masu kallon tsohon wasa suka fi mantawa. Kafin 1992 ɗan baya na iya mayar wa gola ƙwallo da ƙafa, gola ya sa hannu ya ɗauka. Ka yi tunanin abin da wannan ke nufi. Ɗan gaba ya kashe kansa da gudu ya matsa wa ɗan baya, shi kuwa ya juya ya tura wa gola, gola ya rungume, gudun ya tafi a banza. Don me za a yi ta matsin lamba a gaba? Shi ya sa kake ganin an bar 'yan baya suna tafe da ƙwallo ba mai damunsu. Abin ya yi muni a gasar 1990 a Italiya, inda aka riƙa ɓata lokaci da wannan dabara, ƙwallayen da aka ci ba su wuce 2.21 a kowane wasa ba, mafi ƙaranci a tarihin gasar. Bayan nan ne aka hana. Matsin da ka saba gani wurin ƙungiyoyin Klopp da Guardiola, rabinsa wannan dokar ce ta haife shi. Dokar satar gida ma a 1990 aka sassauta ta, aka ce wanda yake daidai da ɗan baya bai yi satar gida ba.

Ƙeta kuwa ba a magana. A 1966 a Goodison Park, Morais na Fotugal ya sare Pele, yana ƙoƙarin tashi ya sake sare shi, alƙalin wasa bai kore shi ba. Babu canji a lokacin, haka Pele ya ƙarasa wasan yana ɗingishi. Katin gargaɗi da jan kati sai 1970 aka shigo da su. A 1982 Claudio Gentile ya yini yana jan rigar Maradona yana dukan ƙafarsa, ya ƙare wasan da katin gargaɗi ɗaya. A 1983 Goikoetxea na Athletic Bilbao ya zo ta baya ya karya masa idon sawu, katin gargaɗi aka ba shi a filin. A gasar 1986 sau 53 aka yi wa Maradona ƙeta, har yau ba a yi wa kowa haka a gasa ɗaya ba. Marco van Basten yana shekara 28 ya buga wasansa na ƙarshe saboda idon sawu. Sai a 1998 aka tsaurara cewa sara ta baya mai haɗari jan kati ne. Saboda haka in ka ga tsohon ɗan wasa yana yanka yana ɗan tsalle, ko ya saki ƙwallo da wuri, ƙafarsa yake karewa. Wanda ya ci gaba da neman ƙwallo yana tunkarar 'yan baya bayan ya sha irin wannan duka, ka rubuta masa wannan a cikin makinsa, domin jarumta ce da ɗan wasan yau ba a tambayarsa irinta.

Ƙwallon kanta, ana yawan cewa ta da ta fi nauyi. A bushe nauyinsu kusan ɗaya ne, tun 1937 doka ta tsayar da shi a abin da ya kama gram 410 zuwa 450. Bambancin shi ne ta da fata ce, tana shan ruwa, in an yi ruwan sama kafin a tashi ta yi nauyi ta daina tashi. Sai a 1986 aka fara buga kofin duniya da wadda ba ta fata ba. Fili kuma, ka kalli wasannin lig na Ingila na lokacin sanyi a shekarun 1970, tsakiyar fili taɓo ne zalla. Ko Azteca a 1986, 'yan wasan Ingila sun yi ta ƙorafin cewa ciyawar gunduwa-gunduwa aka shimfiɗa, tana motsi a ƙarƙashin ƙafa. A kan wannan filin, a wasan Ajantina da Ingila, Maradona ya ɗauko ƙwallo daga rabin filinsu, ya juya tsakanin Beardsley da Reid, ya wuce Butcher, ya wuce Fenwick, ya kewaye Shilton, duka cikin kusan sakan goma. Masu kushe suna cewa ai Fenwick hannu kawai ya miƙa. Gaskiya ne, amma wanda ya kalli wasan tun farko ya san Fenwick na ɗauke da katin gargaɗi tun mintunan farko, kuma a kan Maradona ɗin ya same shi. Ka lura da ƙwallon tana ta tsalle a kan ciyawar, ƙafar hagunsa kuma tana riƙe da ita kamar a kan tabarma.

To me ake kallo in an zauna auna mutum? Ni in na sa wasa, ɗan wasa ɗaya nake zaɓa in bi shi, ko ƙwallo na wurinsa ko ba ta wurinsa. Ina duba ko yana waigawa kafin ƙwallo ta iso shi. Ina duba taɓawar farko, ta kai shi inda yake so ko ta jefa shi cikin matsala. In yana da zaɓi uku, wanne ya ɗauka, kuma ya ɗauka a kan lokaci? Sannan ina duba abin da abokan hamayya suka yi saboda shi, domin wannan shaida ce da ba ta ƙarya. A wasan ƙarshe na 1986 kocin Jamus Beckenbauer ya ɗauki Lothar Matthaus sukutum ya ɗora a kan Maradona, ya hana kansa amfanin babban ɗan tsakiyarsa. An riƙe shi kusan duk wasan, amma da Jamus ta farke biyu aka koma 2 da 2, taɓawa ɗaya ya yi a tsakiyar mutane ya saki Burruchaga ya ci ta uku. Abu na ƙarshe, kuma mafi girma, shi ne tazarar da ke tsakaninsa da sauran 21 da ke filin. Ƙwallo ɗaya suke bugawa, taɓo ɗaya suke takawa, alƙali ɗaya ke busa musu. In fili ne ya yi yawa a zamanin, ai kowa ya samu wannan filin, me ya sa mutum ɗaya ne yake yin abin da sauran suka kasa?

Da wannan ma'aunin, akwai wasanni biyu masu baƙi da fari da nake so ka daure ka kalla har ƙarshe. Na farko Hangari da Ingila a Wembley a 1953, aka tashi 6 da 3. Nandor Hidegkuti na sanye da lamba 9 amma sai ya riƙa janyewa tsakiya. Ɗan bayan Ingila Harry Johnston ya rasa ta yi: in ya bi shi ya bar rami Puskas da Kocsis su shiga, in ya tsaya Hidegkuti ya samu sarari. Ƙwallo uku ya ci a ranar. Wannan dabarar ce Guardiola ya yi da Messi a 2009 ranar da Barcelona ta ci Real Madrid 6 da 2 a Bernabeu, shekara 56 tsakani. Na biyu wasan ƙarshe na kofin Turai na 1960 a Glasgow, Real Madrid 7, Eintracht Frankfurt 3, gaban mutum sama da 127,000. Puskas ya ci huɗu, amma ka bi Di Stefano da ido. Zai karɓi ƙwallo a gaban 'yan bayansa, ya rarraba a tsakiya, sai ka gan shi a cikin akwati yana ƙarasawa, ya ci uku yana dab da shekara 34.

Ba kuma zan rufe maka gaskiya ba, akwai inda zamanin da ya gaza. Tsaron gida a shekarun 1950 da 1960 bai kai na yau ba ko kusa, yawancin gololi ba safar hannu, ba kocin da ya keɓanta da su. Tsaron baya na ƙungiya gaba ɗaya, inda layi ke tafiya tare, bai nuna sosai ba sai da Holan ta 1974 da Milan ta Arrigo Sacchi suka zo. Matsakaicin ɗan wasa na yau ya fi matsakaicin ɗan wasa na da nesa ba kusa ba. Kuma duniyar da ake tsamo gwanaye daga cikinta ta fi faɗi yanzu: ƙasashe 16 ne ke zuwa kofin duniya a zamanin Pele, a 1966 ma Afirka ƙaurace wa gasar ta yi saboda an hana ta gurbi nata na kanta. Cikakken bidiyo yana iya rage wa mutum daraja ma. Wasan ƙarshe na kofin FA na 1953 ana kiransa da sunan Stanley Matthews, amma in ka kalla za ka ga Mortensen ne ya ci uku, kuma ɓangaren da Matthews ya yi ta ratsawa a ƙarshe 'yan Bolton ne masu rauni da ba halin canza su. Gwani ne, amma wannan wasan shi kaɗai bai isa hujjar da ake kafawa da shi ba.

Hukuncina shi ne, a kan Maradona bidiyo ya wadata, kuma ya tabbatar da abin da manya ke faɗa. Ga gasar 1986 cikakkiya, ƙwallo biyar ya ci ya bayar aka ci biyar, ga kuma Napoli da ba ta taɓa ɗaukar lig ba sai da ya kai ta a 1987 da 1990, a lokacin da lig ɗin Italiya ya fi kowanne tsauri. A kan Pele abin da muke da shi ya isa ya nuna irin kansa da ƙafarsa, amma kaɗan ne daga aikinsa. Wasa 14 ya buga a kofin duniya ya ci 12, alhali ƙwallayensa na wasannin hukuma sun haura 700, mafi yawa a Santos, kuma da yawansu ba a ɗauka ba ko faifan ya ɓata. Wadda shi da kansa ya ce ta fi kowacce kyau, wadda ya ci a filin Rua Javari a 1959, ba ta da bidiyo, da kwamfuta aka zana ta daga baya bisa bayanin waɗanda suka gani. Pelen da ka gani a 1970 ma mai shekara 29 ne da ya riga ya sha sara. In kana son ganin mai gudun, nemi abin da ya rage na wasan Santos da Benfica a Lisbon a 1962, inda ya ci uku aka tashi 5 da 2. Amma tambayar wa zai fi wani in aka haɗa su yau, wannan bidiyo ba zai amsa ta ba. In za ka kawo Pele zamanin nan sai ka kawo shi tun yana yaro, ya ci abincin yau, ya samu likitocin yau da kariyar alƙalan yau. In za ka mayar da Messi baya kuma, sai ka haɗa shi da Gentile da taɓo da alƙalin da ba ya ɗaga kati.

Wannan giɓin na rashin faifai mu ya fi shafa. Teslim Balogun, wanda ake kira Thunder, yana cikin tawagar Najeriya da ta je Ingila a 1949 aka buga yawanci ba takalmi, ya kuma buga wa QPR ta Ingila, amma abin da ya rage mana game da ƙarfin bugunsa labari ne na baka da aka yi ta ƙara wa gishiri. Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki lig a 1978, a shekarar ne ma Pele ya sa rigar Fluminense ya buga da su a Kaduna, amma da wuya ka samu cikakken wasansu na lig ka zauna ka kalla. Mutane da yawa ta rediyo suka san Muda Lawal da Odegbami. A irin wannan sai dai a koma ga dattawan da suka gani da ido, kuma akwai yadda ake tambaya. Kada ka ce ya iya ko bai iya ba, amsar a bayyane take. Ka tambaya a ina yake tsayawa, da wace ƙafa yake bugawa, wa ake sa wa ya tsare shi, wane irin ɗan baya ne yake ba shi wahala. Shaidar wanda ya buga da shi a matsayin abokin hamayya ta fi ta mai goyon baya nauyi.

In za ka sake sa data, kada ka fara da masu baƙi da fari, idonka bai saba ba tukuna. Fara da Italiya da Birazil na 1982, wanda Paolo Rossi ya ci uku aka tashi 3 da 2, ka bi Falcao ko Socrates da ido. Sai Ajantina da Beljiyam na 1986, wasan kusa da na ƙarshe, inda Maradona ya ci duka biyun. Sai Milan da Real Madrid na 1989, 5 da nema, ka ga yadda Baresi ke ɗaga layin baya gaba ɗaya. Daga nan ka gangara 1970, sannan 1960. Ka rage muryar mai sharhi, ka riƙe takarda da biro, duk lokacin da ɗan wasan da ka zaɓa ya taɓa ƙwallo ka tsayar da bidiyon kafin ya sake ta, ka faɗi inda kai za ka tura, sannan ka saki ka ga inda shi ya tura.